Eriyar Kawu a Kan Igiyar Shanyar Umma

Asabar, 3 ga Mayu

Sun tafi. Motar kaya ta zo da hantsi, kafin azahar ɗakin ƙawata Guguwa ya zama fili, sai ƙusoshi a bango da shatin inda madubinta yake. Na yi ta taya su ɗaukar tukwane don kada a kalli fuskata. An mayar da babanta matatar ruwa da ke bayan dutse, a gidajen ma'aikata za su zauna, makaranta ma ta canja. Wai ba nisa. In ka hau saman tankinmu kana hango dutsen. Amma can babu sabis sai in mamanta ta shigo gari, kuma mu biyun ba wadda aka yarda ta riƙe waya sai ta gama sakandare.

Da za ta shiga mota ta ja kumatuna ta ce, “Ga ranar lasisin nan da na ja ki muka yi. Ki kira ni ta rediyo. Ke da bakinki fa, ba Kawu ba.”

Na ce to. Kullum to nake cewa.

A bara ne ta ja ni kulob ɗin rediyo na makaranta. Na fi ta maki a jarrabawar, aka ba ni lambar kira tawa ta kaina, amma har yau ban taɓa danna makirfo ba. Ita kuwa ranar farko ta gaisa da rabin gari. Tun muna firamare ita ce ke yi min magana, a kanti, a gaban malamai, har in aka taka ni a layi ita ke cewa an taka ni.

Na gode Allah dai da akwai Kawu a gidan nan.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na shiga ɗakin Kawu na baya. Warin dalma da man zafi kamar kullum, ga fankokin mutane da ya ƙi gama gyarawa jingine a lungu, ga babbar rediyonsa a kan tebur an lulluɓe ta da tsohon tawul kamar jaririya. Ya ture min kujera da ƙafa ya ce in zauna, Auta ta zo neman shawara yau sai a yi ruwa.

Ya ce zangon rediyo biyu ne a gabana. Akwai mita biyu, ita murya take tafiya miƙe kamar hasken tocila, ta ci karo da dutse ta tsaya. Amma a ƙolin dutsen kulob ɗin manya sun kafa rifita, na'urar da ke cafe magana ta cilla ta ɗaya gefen. Da oba-oba ta hannu ma an gama. Na ce su wa ke ji? Ya ce kowa. Direban tasi da ke yini a kanta, Anti mai kemis, da tsofaffin nan masu hirar ciwon gwiwa da yamma.

Sai kuma mita arba'in. Ita murya sama take hawa, can sama sosai, ta bugi wani rufi da ido ba ya gani, ta dawo ƙasa.

Kafin ya rufe baki na zaɓa. Muryata ta je har sama ta sauko a tagar Guguwa? Ko a littafin da nake karantawa ba a yi irin wannan ba, shi matuƙin jirgin ruwan da ke cikin labarin kwalba kawai ya jefa a teku. Kawu ya kalle ni ta saman tabarau ya ce ba don sama na zaɓa ba, don tsoron Direba ne. Na ce a'a. (E ne, amma rabi.)

Ya gaya wa Guguwa ta rifita: duk Asabar bayan la'asar, ga wurin da za mu haɗu a kan mitar. Malamin kulob ya ara mata tsohuwar rediyon makaranta.

Talata, 6 ga Mayu

Na ci abincin tara ni kaɗai a bayan laburare. Mai kanti ya ba ni lemon da ban ce ba, na karɓa na sha.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yau Kawu ya ɗaga eriya. Ya ce tunda abin na Auta ne ba za a yi shi da wasa ba, tsohuwar ta yi ƙasa, sai an kai ta inda tsuntsu zai yi haki. Ya hau ƙarfen tanki da kansa, da furfurarsa da komai, ya ɗaure bakin wayar a can ƙoli, ɗaya bakin kuma a benen maƙwabta. Umma na tsakar gida da ludayi a hannu tana cewa, Yaya in ka faɗo ni ba ruwana, ba zan yi jinyar tsoho mai ƙiriniya ba. Shi kuma yana daga sama yana ce mata tun tana goye take da tsoro.

Ni ce mai miƙa igiya.

Ya ce a wannan harkar in an ce eriya to sama, ƙara sama, sai kuma sama. Haka ya aika wa baban Guguwa, shi ma ya ɗaure tasu a hasumiyar matata.

Wayar tana ƙyalli da yamma. Na daɗe ina kallonta. Wane ne zai hau ƙarfe saboda ni in ba Kawu ba?

Asabar, 10 ga Mayu

Ban san ta ina zan fara ba.

Na yi wanka, na sa turare. Turare, don rediyo. Kawu ya kunna, ya saita, ya miƙo min makirfo ya juya baya yana taɓa wata fanka wai ba ya ji. Na danna. Na faɗi lambarta, na faɗi tawa. Muryata ta fito kamar ta sauro. Na saki. Shuuu kawai. Na sake. Na sake. Har na fara ɗaga murya don haushi.

Sai aka amsa. Ba ita ba. Namiji, murya mai kauri, a nutse, da wani irin Turanci mai lanƙwasa. Ya faɗi lambata daidai, ya ce yana ji na sarai, barka da yamma 'yar budurwa.

Na yar da makirfo a kan tebur na tsaya a bakin ƙofa. Kawu ya yi tsalle ya cafe, ya ji lambar mutumin, sai ga shi yana rawa a zaune. Wai wata ƙasa ce can ƙetaren teku da ya yi shekaru yana farauta bai samu ba. Ya yi ta cewa kin ga aikin tsawo, kin ga aikin tsawo.

Na taya shi murna da baki. Guguwa dai ba ta zo ba. Ko ta manta ne.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ina jin dogo ne. Mai gemu kaɗan, yana zaune a ɗaki mai taga ta fuskanci teku, shi kaɗai, kofin shayi ya huce a gabansa. Ya ce yana ji na sarai. Ba wanda ya taɓa ce min haka, kullum sai dai “ɗaga murya.”

Astagfirullah. Ina da aikin lissafi.

Talata, 13 ga Mayu

Ashe Guguwa ta zo. Yau da yamma ta hau rifita ta kira Kawu, ina zaune kusa da shi ina jin komai. Ta ce ta yi ta kira ranar Asabar har maƙogwaronta ya bushe, ba ta ji ko tari ba. Kawu ya ce ai mu ma mun kira. Ta yi dariyar nan tata ta ce, “Kawu ka faɗi gaskiya, ta danna kuwa? Ko tana zaune tana kallon makirfo kamar zai cije ta?”

Ya rantse mata. Ta ce kullum shi mai rufa min asiri ne. Direba ya shigo ya ce a kyale yarinya, shi ma matarsa sai da ta shekara kafin ta gaishe shi da ƙarfi, yanzu kuwa neman wurin ɓuya yake. Aka yi ta dariya.

Kawu ya miƙo min oba-oba da ido. Na girgiza kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage. Da na ce uffan ɗaya da ta yarda, na sani. Amma duk suna nan, suna jira.

Juma'a, 16 ga Mayu

Maman Guguwa ta shigo gari da ita, ta kira wayar Umma. Na shiga kicin na rufe ƙofa. Na gaya mata wallahi na kira. Ta ce ba wai ba ta yarda ba ne, amma ta san ni. Ta ce, “Na gaji, ƙawata. Shekara da shekaru ni ce bakinki. Yanzu ina bayan dutse, in ba ki yi magana ba, ban san kina nan ba.”

Ba ta faɗa da faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Na yanka albasar da ba a sa ni ba, don in Umma ta shigo.

Asabar, 17 ga Mayu

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Na kira, shuuu. Na kira, shuuu. Sai ga mutumin ƙetare. Wannan karon ban gudu ba, na riƙe gefen tebur. Ya ce yana so ya tambaye ni wani abu: akwai wata yarinya da yake ji tana kiran lambata tun ɗazu, ta ƙi gajiya, ba na jin ta ne? Na ce ba na ji. Ya ce in dakata. Muka ji shi yana kiran lambar Guguwa, yana magana da iska, yana shiru, yana dariya. Ya dawo ya ce ƙawata ta ce in yi haƙuri, ta yarda yanzu, kuma wai in faɗa mata wa aka zaunar a kujerarta a aji.

Haka muka yi. Ni in faɗa masa, shi ya faɗa mata, ita ta faɗa masa, ya dawo min da shi. Dutse ɗaya ne tsakanina da ita, amma sai maganarmu ta haye teku ta dawo. Ya tambayi nisan da ke tsakaninmu, da Kawu ya faɗa masa sai da ya yi tari don dariya. Ya ce muryoyinmu tsallake juna suke yi, kowacce ta bi ta saman kan 'yar'uwarta ta faɗo a gidansa. Kawu ya ce yanayin sama ne, zai gyaru.

Da za mu rabu ya ce zai tafi, jikarsa ta zo kai shi a duba masa haƙoran roba, sun yi masa yawa a baki. Shekararsa tamanin da wani abu.

To. Allah ya ƙara masa lafiya dai. Na cire gemun da tagar, na bar masa shayin.

Lahadi, 18 ga Mayu

Abin da nake son gaya mata ba na aike ba ne. Ta yaya zan ce wa kakan mutane ya gaya wa Guguwa cewa ɗan ajinmu mai karyayyen gilashi ya tambaye ni ina take, kuma ni ya kalla da yana tambayar?

Laraba, 21 ga Mayu

Na ɗauko oba-oba na kwanta da ita a kan gado bayan makaranta, a kunne, ƙasa-ƙasa. Kullum yanzu haka nake yi. Guguwa na kan rifita ita da wata 'yar gidajen matata da ta fara koya wa. Tana ce mata “ke dalla,” irin yadda take ce min. Sun yi hirar wata malama da ban sani ba, suka yi dariyar abin da ban gane ba.

Kafin ta sauka ta faɗi lambata sau ɗaya, ta ce ko tana saurare. Ta ɗan jira. Anti mai kemis ta ce wataƙila tana karatu. Guguwa ta ce e, wataƙila.

Yarinyar tana da murya mai daɗi. Ba ni da abin da zan ce a kanta, na nema ban samu ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Tsohon bai zo ba. Ba ita, ba shi. Na zauna har aka kira magariba ina jin shuuu. Kawu ya kawo min shayi a kofinsa da ba ya ba kowa.

Talata, 27 ga Mayu

An yi ruwa da iska da rana tsaka, irin mai ɗauke bokiti. Bakin eriyar da ke kan tanki ya tsinke, wayar ta faɗo ta kwanta a kan sandunan igiyar shanyar Umma, ta bi tsakar gida kamar an shanya ta. Kawu ya fito zai hau, bayansa ya riƙe tun a matakin farko. Umma ta ce in ya sake taɓa ƙarfen nan za ta sayar da rediyon wa masu gwangwan. Ya ce ƙanwar banza. Ta ce ta ji, a sha magani.

Mai walda zai zo da tsani ranar Lahadi. Asabar ta tafi kenan.

Asabar, 31 ga Mayu



Kawu ya ce kada in wahalar da kaina, eriya a kan igiyar shanya ko maƙwabci ba za ta kai ba. Na ce zan zauna kawai. Na saba zaman. Ya ɗaure bakin wayar a sanda don kada ta taɓa ƙasa, ya ɗan murɗa wani abu, ya kunna min, ya kwanta a tabarma yana nishi.

Sai na ji ta. Can ƙasa, siririya, kamar tana magana daga cikin rijiya. Tana faɗin lambata, ba ɗoki a muryar, irin kiran wanda ya san ba za a amsa ba amma ya yi alkawari. Na danna na yi ta kiranta, har da sunan da ni kaɗai ke kiranta da shi. Ba ta ji ni ba. Ta kira sau biyu ta kashe.

Kawu ya tashi zaune, ya manta da ciwon bayansa. Ya leƙa taga ya kalli wayar, ya kalli rediyo, ya sake kallon wayar. Sai ya dafe kai. Ya ce eriya in ta yi sama can, murya kwance take fita, ta tafi nesa. In ta yi ƙasa kusa da ƙasa, sai muryar ta miƙe tsaye ta bugi sama ta zubo a nan kewaye, kamar an watsa ruwa a rufi. Ya ce ya san wannan tun kafin a haife ni, yana cikin littafin jarrabawa ma. “Amma ni duk rayuwata nesa nake nema, Auta. Ban taɓa zama na ce yau bayan dutse nake son ji ba.”

Ya ce eriyar Guguwa ma sai ta sauko, don tana sama, ga kuma ƙarar injinan matata na cika mata kunne.

Ya ba ni haƙuri. Kawu, ni. Ban san inda zan sa idona ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Mai walda ya zo da tsaninsa, Kawu ya ba shi shayi ya sallame shi. Ya kafa gora biyu, ya miƙe wayar daidai, ɗan sama da igiyar shanya kaɗan, inda hannun Umma ba zai kai ba. Umma ta ce yanzu gidan ya zama na mutane.

Sai daga baya na gane abin da ya yi. Eriya ɗaya gare shi. Da ita a nan ƙasa ba zai ƙara jin ƙetaren teku ba, ba tsohon, ba sauran ƙasashen da yake tashi da asuba yana farauta. Na ce Kawu to kai fa? Ya ce ƙasashen ba gudu za su yi ba, sun jira shi shekara talatin, su ƙara. Ya faɗa yana goge rediyon da tawul, bai kalle ni ba.

Na ce to ya gaya wa Guguwa ta rifita ta sauke tata. Ya ce a'a. Na ɗauka wasa ne. Ya ajiye oba-oba a cinyata ya ce shi ya yi nasa, ya hau, ya sauko, bayansa ya shaida. Saura nawa.

Na yi fushi da shi na kusan awa guda. Ba ya yiwuwa a yi fushi da mutumin da ke tafiya a karkace saboda kai.

Litinin, 2 ga Yuni

Ban iya ba. Guguwa na kan rifita, ina riƙe da oba-oba, yatsana a kan maɓalli. Direba na ba da labarin fasinjan da ya manta kaza a but ɗin tasinsa.

Laraba, 4 ga Yuni

Na yi.

Na hau matakalar tanki ta uku don ya fi kamawa, kuma don kada Umma ta ji. Tsofaffin na tsakiyar hirar wani maganin gwiwa, Guguwa na sa musu baki. Na jira suka numfasa. Na faɗi lambata. Na ji muryata ta fita ta dawo, a gaban kowa, tsirara.

Na ce shi kenan, yanzu za a fara: a'a, yau Auta ce, ashe tana da baki. Har na runtse ido.

Ba wanda ya faɗi haka. Anti mai kemis ce kawai ta ce, “Bismillah, muna jin ki, mitar taki ce,” kamar kullum nake zuwa. Sai Guguwa, a hankali: “Ke ce?”

Na ce ni ce. Na ce ta sauke eriyarta daga hasumiya ta dawo da ita tsayin igiyar shanya. Ta ce me? Na sake faɗa, na yi mata bayanin watsa ruwa a rufi, na yi tuntuɓe a tsakiya na koma farko. Ba wanda ya katse ni. Ashe a rediyo in kana danne ba mai iya shiga maganarka, ko Guguwa ce. Dole ta jira in saki. Ban taɓa kai ƙarshen zance a gabanta ba sai yau.

Da na gama ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce bayanin daidai ne, ya koma kan gwiwarsa. Shi kenan. Wallahi da sun yabe ni da ban ƙara dawowa ba. Ban san ko Anti ce ta ja musu kunne tun tuni ba, ko haka suke. Ko ma wanne ne, Allah ya saka musu.

Na sauko. Kawu na ɗakinsa da tasa oba-obar a kashe, wai barci yake. Da tabarau a fuska.

Asabar, 7 ga Yuni

Kamar tana zaune a kan gadona. Har ƙarar cokalinta a kofi ina ji.

Babanta ya yi mita kafin ya sauke, wai an sa shi hawa an sa shi sauka kamar tuta. Mun yi hira har rediyon ta yi zafi. Ta ce makarantar ba daɗi, tana yin surutu ne don in ta yi shiru kuka ke zuwa. Ban taɓa sanin Guguwa na da irin wannan ba. Na ce mata ina jin ta duk yamma a rifita. Ta ce ta sani, shi ya sa take kiran lambata, ba don in amsa ba.

Na gaya mata zancen mai karyayyen gilashi. Ta yi ihu har allurar rediyon ta buga ƙarshe.

Lahadi, 8 ga Yuni

Direba ya tsaya a ƙofar gida ya kawo wa Kawu fanka. Da zai tafi ya ce min, gilashin yaron nan dai a gaya masa akwai mai gyara a bakin kasuwa.

Ashe shi ma yana da mita arba'in. Ashe duk kewayen nan muryar ke zubowa, ba tagar Guguwa kaɗai ba. Kawu ya ce ai ya faɗa min, ruwa a rufi.

Na shige ɗaki na rufe fuska da filo. Na jira in mutu. Ban mutu ba, sai ma dariya da ta kama ni.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ba wani abu yau. An yi gwajin kimiyya, Umma ta wanke labule.

Asabar muna nan a mita arba'in ni da ita, sauran ranaku kuma in an dawo makaranta mukan ɗan gaisa a rifita, tunda ya fi sauƙi. Gaisuwa kawai. Yarinyar matatar ma tana shigowa, ba ta da laifi, ita ma tana karanta littattafai, sai dai tana fara duba ƙarshe, abin da ban gane ba.

Yau tana cewa matuƙin jirgin littafin nan bai kyauta ba da ya tafi, ni kuma na ɗan yi mata bayanin dalilinsa. Ɗan bayani. Da na saki maɓalli sai na ji ba kowa, can kuma sai ga su duk sun dawo suna dariya, har Anti. Wai rifita na da agogo a ciki, in mutum ya cika tsawaitawa sai ta yanke shi ta huta, kuma wai tun a tsakiya ta yanke ni, ni kaɗai nake ta zuba a tsakar gida. Direba ya ce shi kaɗai take yi wa haka a da, yana maraba da samun abokiyar zama. Guguwa ta ce, “Ke dalla, ki riƙa barin mutane su sa baki mana.”

Ni ina ganin agogon ne ya lalace. Na gaya wa Kawu ya sa a duba.